Sunaye Bakwai a Bakin Dutsen Niƙa

Bana ruwa ya ɗauke mana kwana ashirin da wani abu a tsakiyar damina. Kullum da safe in na fito shara sai na ɗaga kai na dubi gabas, in ga sama fes kamar kwanon da aka wanke. 'Yar masarar da na shuka a bayan ɗakina nan Birnin Kudu duk ta naɗe ganye. Jikokina ko a jikinsu, su murna ma suke yi babu laka a hanyar makaranta. Ni kuwa hankalina ya tashi, domin irin wannan saman na taɓa gani ina 'yar shekara goma sha huɗu, shekarar da dutsen niƙan Kaka ya yi shiru.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sara da Dingaya, a ƙasar Gwaram. Gida biyar ne mu masu bin Yesu, sauran garin duk Musulmi ne. Gayya ɗaya muke yi, rijiya ɗaya muke sha. Majami'armu ɗaki ne na ƙasa mai jinka, kuma duk sabuwar shekara malaminmu, Malam Iliya, yakan raba wa kowane gida kalanda. A ƙarƙashin ranaku da yawa an rubuta sunayen shahidai da ƙananan baƙaƙe, mutanen da aka kashe a ƙasashe masu nisa saboda bangaskiyarsu. In na dawo hutu daga sakandare, aikina ne bayan addu'ar safe in karanta wa Kaka Lami, mahaifiyar babanmu, sunan mai ranar.

"'Yar boko, yau ranar wa?"

Sai in yi ta tuntuɓe da sunan da harshena bai saba da shi ba. Ta ce, "Allah ya ba shi hutu. Shi ma wata ce ta haife shi." Sannan ta ce, "Namu fa, suna ciki?"

"Yaya za su shiga, Kaka, tunda kin ƙi faɗa?"

"Ba za su shiga ba. Takarda ba ta da amana. Duk wanda ya ɗauke ta sai ta gaya masa."

Namu ɗin su bakwai ne. Tun kafin Turawa su zo, tun ba a san wani abu wai shi majami'a a ƙasar nan ba, akwai waɗansu mutane da suka riƙe sunan Isa fiye da yadda masu iko na wancan zamanin suka yarda. Ba su da littafi, ba su da malami, sunan kawai suka riƙe. Aka ce su saki, suka ƙi. Rana ɗaya aka kashe bakwai a bakin wani rafi. Kaka ba ta taɓa gaya mana waɗanda suka yi ba, takan ce Allah ya san su. Kakarta ce ta tsira a cikin gonar dawa, da cikin wata huɗu. Ta faɗa wani gari inda ba a san ta ba, tana yi wa mutane niƙa ana ba ta abinci. Ba ta da inda za ta kira matattunta sai a bakin dutse, inda ƙarar niƙa ke rufe murya. Ta ba kowannensu rana ɗaya a mako. Daga ita abin ya zama dokar gidanmu: ba a rubuta su, ba a faɗinsu sai dutse yana kuka, kowa da ranarsa, kuma mace ɗaya ce ke riƙe da su har sai ta ji lokacinta ya yi. 'Yar Kaka mace ɗaya ce, ta rasu tun ban yi wayo ba. Kowa a gidan ya san ni ce zan karɓa, amma ba wanda ya sa rana.

Dutsen yana bayan ɗakin Kaka, jikin zanar da ta raba mu da gidan Iya Rakiya. Da hantsi ya fara dagawa Kaka za ta ɗauki ƙwaryarta ta zagaya can, kuma ko kaza ba ta yarda ta bi ta ba, balle mu. Daga tsakar gida abin da muke ji kawai shi ne gurjin dutse.

A shekarar ruwan farko ya sauka da kyau. Aka yi shuka, gero ya tsiro, aka yi noman farko. Sai ruwa ya ɗauke. Da na sauka daga mota a Sara ranar da aka ba mu hutu, na taka zuwa gida, gonakin da ya kamata su kai min gwiwa ko idon sawu ba su rufe ba. Ƙasa ta yi fari ta daddare. Zafin ba irin na bazara ba ne mai iska, wani zafi ne mai nauyi, hadari ya taso da la'asar ya yi baƙi ƙirin, kowa ya fito yana kallo, a ji ƙanshin ruwa har cikin hanci, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi arewa da shi. Baba ya sake shuka sau biyu. Na biyun da irin ƙarshe ya yi. Tsuntsaye da tururuwa suka tone abinsu.

Na tarar da rumbunmu a buɗe, an share shi har da tsintsiya. Inna tana dafa tafasa da rama, ta barbaɗa ɗan garin ƙuli-ƙuli, mu ci sau ɗaya a yini. Da tafasa ta yi wuya muka koma yaɗiya da garin ɗorawa a ruwa. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kamar yadda nake tsammani a makaranta. Sanyi ne a gwiwa, da jiri in ka miƙe, da wani ɗaci a baki da ruwa ba ya wankewa. Ƙauyen ya yi tsit. Da, tun asuba ake jin luguden taɓare gida-gida. Yanzu in aka ji turmi ya yi ƙara, mata sai su dubi juna su san gidan wa ne.

Mutanen gari suka fita roƙon ruwa bayan gari, mu ma muka yi namu kwana uku a majami'a. A rijiya na ji wata mata tana cewa lallai akwai abin da ya tare ruwan nan, kuma a cikin garin yake. Ba ta ambaci kowa ba, ba ta ko dube ni ba. Amma da na faɗa a gida, Baba ya je ya sami Malam Iliya, Lahadin nan ba a buga ƙarfen kiran sujada ba, waƙa ma ƙasa-ƙasa muka yi. Gaskiyar magana ba wanda ya taɓa mu, ba wanda ya yi mana ko kallon banza. Tsoron ne muka gada, yana kwance a jikinmu kamar zazzaɓin da ke jiran damina. Ni dai in na ji takun mutane fiye da biyu a ƙofar gida sai zuciyata ta tsinke.

Ranar da hatsi ya ƙare ƙarƙaf, Kaka ta daina zuwa bayan ɗaki. Kwana goma sha ɗaya dutsen bai yi kuka ba. Na ce mata ta gurza shi haka nan mana, ai ƙarar ɗaya ce.

"Ba ɗaya ba ce. Dutse wayam kowa ya san kukansa. Kuma ba zan kira su a kan babu ba."

Ƙafafunta suka kumbura. Ashe rabonta na tafasa take tura wa ƙannena mata uku in Inna ta juya baya. Wata ranar Juma'a ta kira ni, ta danna yatsa a ƙaurinta, gurbin ya zauna bai tashi ba.

"Kin gani? Rifkatu, ki nemo min abin niƙa."

Ba ta cika kiran sunana ba. Da na ji shi a bakinta na san maganar ba ta wasa ba ce.

Washegari na bi matan unguwa haƙar gidan tururuwa. Mu tara ne, da fartanya da ƙwarya. Ana bin layin tururuwa har ramin, a haƙa kamu uku ko huɗu, in an yi sa'a a faɗa ɗakin ajiyarsu. Suna hawa ƙafa suna cizo, ba mai tsayawa kakkaɓewa. Iya Rakiya ce ke rabo, ita ce babba, uwar limamin unguwa. Tun ina ƙarama nake tsoronta. Doguwa ce, ba ta dariya, kuma in ta dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ta zuba min rabona, gero da 'ya'yan ciyawa da yashi a haɗe, ta ce, "Lami lafiya? Kwana biyu ban ji dutsenta ba."

Na ce lafiya lau. Har na iso gida ina waiwaye. Me ya sa take sauraron dutsenmu?

Na sheƙe shi, na bakace, na tsince tsakuwa. Abin da ya rage bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Inna ta dube shi, ta dubi ƙannena, ta bar min shi, tunda garin dai cikinsu zai koma. Na kasa shi kashi bakwai a kan faifai, kowane kashi bai fi cikin tafin hannu ba.

Ran Lahadi da hantsi na rungumi Kaka na kai ta bayan ɗaki. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Na durƙusa, na zuba kashin farko, na kama ɗan dutsen. Ta ce, "Da ƙarfi, 'yar boko, ba alƙalami ba ne." Da ƙarar ta cika wurin ta matso ta ce, "Garba maƙeri." Sannan ta koya min abin da ake cewa: Ubangiji, ka tuna da bawanka da bai sake ka ba, ka riƙe mu kamar yadda ya riƙe ka. Na lura muryarta ta fi yadda nake tsammani ƙarfi. Kunnenta ya daɗe da yin nauyi, ba ta san iyakar raɗarta ba. Na ƙara danna dutsen don in rufe ta.

Da muka gama na ce, "Kaka, ki faɗa min sauran shidan yau."

"Kowa da ranarsa."

"In wani abu ya faru fa?"

"Mutuwata kike yi wa gaggawa? Ki jira, zanen nawa duk naki ne."

Litinin, Tanko ɗan Fatsuma. Talata, Hassana mai jego. Ina niƙa ina maimaitawa a zuci, ina ɗebo ruwa ina maimaitawa, ina tsoron yunwar nan ta share min su daga kai. Sau biyu na ɗauko littafin makarantata da fensir, sau biyu na mayar.

Ran Laraba, Dogo masaƙi. Muna cikin yi na ga inuwa ta tsaya a jikin zana, ta wancan gefen. Ta ramukan saƙar ina hango launin zane. Hannuna ya tsaya cak, dutse ya yi shiru, muryar Kaka ta fito fili tana cewa "bai sake ka ba." Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Inuwar ta ɗan jima, sannan ta wuce. Na mayar da Kaka ɗaki. Ina ta jiran a yi sallama da Baba a ƙofar gida. Na ga rafin nan a idona, wanda ban taɓa gani ba, na ƙirga mu a gidan, mu ma bakwai ne. Ba wanda ya zo. Na sake roƙon Kaka ta ƙarasa min, har da kuka. Ta shafa kaina ta ce saura uku kawai.

Alhamis, Audu makaho. Da ƙyar na ji shi, numfashinta sama-sama.

Ran Juma'a da safe na shiga ɗaukar ta, na tarar bakinta ya karkace. Idonta a buɗe, tana gane ni, amma hannun dama ya mutu, harshe ya ƙi. Na kira Inna, aka kira Baba, aka kira Malam Iliya ya yi addu'a. Da suka ɗan fita na sa kunnena a bakinta na ce, "Kaka, na Juma'a." Ta yi ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta tashi. Iska ce kawai ta fito. Hawaye ya gangaro mata ta gefe ɗaya. Na tambayi Baba, ya ce shi namiji ne, ba a taɓa gaya masa ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da hula.

Hantsi ya yi. Ban san abin da ya kai ni ba, na ɗauki kashi na shida na zagaya bayan ɗaki ni kaɗai. Na zuba, na fara niƙa. Na ce, "Ubangiji, ka tuna da bawanka," sai na tsaya, babu abin da zan sa a wurin. Mata uku sun ɗauko sunan nan daga bakin rafi har zuwa gidan nan, a hannuna zai faɗi. Na ci gaba da gurzawa ina kuka, garin yana jiƙewa.

Sai na ji murya daga bayan zana, a hankali.

"Jatau."

Na saki ɗan dutsen.

"Ki ce Jatau manomi. Kakan kakarki ne. Ki ci gaba da niƙan mana, ai ba a faɗa dutse na shiru."

Muryar Iya Rakiya ce. Ban san yadda hannuna ya koma kan dutsen ba. Na faɗi sunan, na yi addu'ar har ƙarshe. Kafin in kwashe garin ta zagayo ta ƙofar gida, ko sallama ba ta tsaya an amsa ba, ta tsaya a kaina da 'yar ƙwarya a rufe da faifai.

Na ce, "Iya, don Allah kada ki gaya wa kowa."

"In gaya wa wa? Shekara arba'in madafata tana jikin zanar nan. Da mai faɗa ce ni, sai yau zan fara?" Ta ajiye ƙwaryar, dawa ce wajen tafi uku. "Ku kuna tsammani dutse yana rufe murya. Da can ma ina tsintar rabi. Tun da kunnenta ya toshe kuwa, ko akuyata ta haddace su."

"Ba ki taɓa ce mata komai ba?"

"Mutum yana ganawa da Ubangijinsa, sai in leƙo in ce na ji? Tashi ki kai ni wurinta."

Da Kaka ta ga wadda ta shigo, kuma ta ji ni ina cewa na sami na Juma'a, idonta ya firfito. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babba ba. Ta yi ta jan jikinta da hannun hagu tana neman bango. Iya Rakiya ta zauna a bakin gadon kara, ta kama hannun nan ta riƙe shi gam.

"Lami, ni ce. Kwantar da hankalinki. Garba, Tanko, Hassana, Dogo, Audu, Jatau. Ba wanda ya ɓata. Ko ɗan da na haifa bai ji su a bakina ba."

A fili ta faɗe su, ba dutse, ba komai, ƙofa a buɗe. Na duba waje. Kaji suna tono, Inna tana hura wuta. Sama ba ta faɗo ba. Na ga ƙirjin Kaka yana sauka a hankali, yatsunta suka naɗe a kan na Iya Rakiya.

Da ta tashi tafiya na bi ta har zaure. "Iya, na Asabar fa?"

"Gobe."

"Iya, don Allah. Haka Kaka ta yi ta ce min."

"Kowa da ranarsa, haka na ji ana yi. Ni ba yau zan mutu ba, 'yar boko, ina da wanki."

Ran Asabar tun kafin hantsi na durƙusa a bakin dutse da kashi na bakwai. Ina jin ta a wancan gefen tana daka wani abu a turmi. Na fara niƙa. Taɓaryar ta tsaya.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Iya."

"Na yau ba shi da suna. Jaririn Hassana ne, kwanansa biyar, ba a kai ga raɗa masa ba. Kakarki takan ce, wanda kai kaɗai ka san sunansa." Da ta sake magana muryarta ta canza. "Na binne biyu kafin suna. Duk Asabar nakan ajiye taɓarya har ta gama."

Na faɗa yadda ta koya min. Da na kai ƙarshe, daga bayan zana na ji an ce amin.

Kaka ta cika ran Litinin. Iya Rakiya ta zauna tare da Inna kwana uku ana karɓar gaisuwa. Ruwa bai dawo ba sai bayan kwana tara. Gero ya riga ya tafi, amma dawa ta farfaɗo, wake ma ya yi, muka kai lokacin kaka da ranmu, mu shida.

Ranar ɗaya ga watan sha ɗaya na shekarar, ranar da kalanda ta keɓe don tunawa da dukan tsarkaka, na yi abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Na miƙe a majami'a, na faɗi shida da sunayensu, na bakwai kuma yadda aka koya min. Har yau ban rubuta su a jikin kalanda ba, wannan ne ma karo na farko da suka hau takarda, kuma sai da na yi kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Yanzu inji ke yi mana niƙa a bakin titi. Dutsen yana nan bayan ɗakina, na sa an ɗauko min shi a mota lokacin da muka taso daga ƙauye. Maƙwabciyata Hajiya Binta, katangar bulo ce tsakaninmu, ta taɓa tambayata me nake gurzawa kullum da hantsi alhali ga inji. Na ce mata tafi ɗaya ne kawai, na addu'a. Yau Asabar, sama har yanzu fes. Na zuba gerona, na kama ɗan dutsen, kuma ban danna shi da ƙarfi ba.